Labarin Zuciya a Gaban Kyamara: Shirya Fim Mai Tafiya Sannu kan Ƙuncin Magidanci a Ƙasar Daura

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yiwuwar shirya fim na Hausa mai cin gashin kansa, mai tafiya sannu, wanda jigonsa shi ne ƙuncin da kan sauka a zuciyar mutum tsakanin shekara arba'in da sittin. An ɗauki Daura da masarautarta a matsayin fagen nazari. Hujjar maƙalar ita ce, irin wannan ƙunci ba ya fita ta bakin Bahaushe, saboda haka fim ɗin da ya dogara ga zance da waƙa ba zai iya ɗaukarsa ba, sai an bar kyamara ta daɗe a kan fuska da hannu da wurin zama. An kuma bi ta kan abin da aikin zai ci: 'yan wasa, sauti, izini, kuɗi da masu kallo.

Gabatarwa



A shekarar 2024, kwamitin da ke tsayar da fim ɗin da zai wakilci Nijeriya a gasar Oscar ya zaɓi Mai Martaba, fim na Hausa da Prince Daniel, wanda aka fi sani da Aboki, ya ba da umarni, aka kuma ɗauke shi a Daura. Labari ne na gadon sarauta, cike da dawaki da takubba da rawuna. Duk wanda ya san garin ba zai yi mamakin wannan zaɓi ba. Nan rijiyar Kusugu take, nan labarin Daurama da Bayajida ya samo tushe, nan ake hawan Sallar Gani. Mai kyamara in ya shigo Daura abin da ke fara kama idonsa ke nan, kuma yana da hujja.

Sai dai in an kwance wa dawaki sirdi, 'yan kallo sun watse, akwai mutumin da ke saura a kan benci a ƙofar shagon abokinsa bayan la'asar. Ya haura hamsin ko ya kusa. Lafiyarsa ƙalau, ba a yi masa rasuwa a makon nan ba, bai yi faɗa da kowa ba, amma an daɗe wani abu ya danne masa ƙirji, shi kansa bai san sunan abin ba. Wannan mutum nake so mu tattauna yadda za a yi masa fim. A ganina fim ɗinsa ba zai yiwu da saurin da muka saba da shi ba, kuma sanyin tafiyar da yake bukata ba sai an aro shi daga Turai ba. Yana nan cikin yadda wuni yake wucewa a Daura da Zango da Ɓaure da Sandamu da Mai'aduwa.

Ƙuncin da ba a faɗa

Masana a ƙasashen Yamma sun daɗe da sa wa wannan hali ido. A 1965 Elliott Jaques, masanin halayyar ɗan Adam ɗan asalin Kanada, ya bi tarihin rayuwar masu zane da makaɗa da marubuta, ya lura cewa da yawansu aikinsu kan sauya ko ya tsaya cak tsakanin shekara talatin da biyar da arba'in, lokacin da mutum ya fara ganin mutuwa abu ce da ta shafe shi shi kansa. A 2008 kuma masana tattalin arziki biyu, David Blanchflower da Andrew Oswald, suka nazarci amsoshin mutane daga ƙasashe da dama, suka ce gamsuwar mutum da rayuwarsa takan yi ta raguwa har ta kai mafi ƙasa bayan arba'in kafin ta sake tasowa. Har yau ana muhawara kan wannan sakamako. Abin da ya fi damuna shi ne siffar da fina-finan Amurka suka ba lamarin: mutum ya gaji da aikinsa, ya rabu da matarsa, ya sayi sabuwar mota, ya shiga duniya. Magidancin Daura ba shi da wannan ƙofa, ko an buɗe masa ita kuwa ba zai bi ba, domin bakuna da yawa suna jiran abin da zai shigo da shi da magariba.

A wurinmu arba'in shekarar cikar hankali ce. Suratul Ahƙafi ta ambace ta, kuma yana ɗan shekara arba'in aka aiko Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Daga nan kaya ke taruwa a kan mutum ɗaya. Tsofaffi sun raunana, maganinsu yana wuyansa. 'Yan mata sun isa aure, ga kayan ɗaki ga gara. Ɗan da aka sayar da shanun huɗa aka kai shi makaranta ya dawo da takarda yana zaune a zaure. In ma'aikacin gwamnati ne, yana ƙirga abin da ya rage masa kafin cika shekara 35 na aiki ko 60 na haihuwa, yana kuma kallon waɗanda suka riga shi ajiye aiki suna zirga-zirgar neman haƙƙinsu. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, albashin da a da ake lallaɓawa ya kai ƙarshen wata ba ya ganin tsakiyarsa. Amma rashi ba shi ne dukan zancen ba. Akwai mai rufin asiri, har da mai dukiya, da ke zaune da wannan nauyi: ya gane cewa abin da ya ci burin zama tun yana saurayi ba zai zama ba, abokan tasowarsa ana ta raka su makwanci ɗaya bayan ɗaya, abin da ya rage na tafiyar kuwa bai kai wanda aka ci ba.

Duk wannan ba ya fita ta baki. Tarbiyyarmu ta tsayu a kan haƙuri da kunya, biyu daga cikin siffofin mutumin kirki da Anthony Kirk-Greene ya jero a 1974. A tambayi mutum gajiya, ya ce babu. A tambaye shi aiki, ya ce da godiya. A tambaye shi gida, ya ce lafiya lau, ko da bai runtsa ba daren jiya. A majalisa sai a raba dare ana zancen siyasa da farashin taki da wanda ya rasu, ba wanda zai buɗe baki ya ce shi kam zuciyarsa ba daɗi. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Yaro ma in ya zabga tagumi, babba kan ture masa hannu. To mutumin da ya tashi a haka, in marubucin fim ya cusa masa dogon jawabi yana bayyana damuwarsa, ya riga ya yi masa ƙarya.

Abin da Kannywood ta iya da abin da ta bari

Daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990 zuwa Sangaya da ya cika kasuwa wajen 2000, masana'antar da mujallar Tauraruwa ta raɗa wa suna Kannywood ta ginu ne a kan matasa: soyayya, auren dole, kishi, gado. Farfesa Abdalla Uba Adamu da Brian Larkin sun yi bayani mai gamsarwa kan yadda fina-finan Indiya suka shiga jinin wannan tsari, ba sai na maimaita ba. Abin da ya shafi zancenmu shi ne aikin da waƙa take yi. Abin da saurayi da budurwa ba za su iya faɗa a gaban manya ba, sai a ɗauke su a kai su lambu su rera shi. Wato masana'antar ta gane cewa kunya tana ɗaure harshe, ta kuma samo mafita, amma mafitar ta yara ce. Ba a kai mai furfura lambu. Shi ya sa aka bar shi da matsayi biyu ko uku: Alhajin da ya hana 'yarsa wanda take so, mijin da matansa suka fi ƙarfinsa, ko abin dariya a fim ɗin camama. Yana cikin kusan kowane fim, amma kyamara ba dominsa ta zo ba.

Wani zai ce ai fina-finanmu ba su da sauri, ga masu dogon zango irin su Daɗin Kowa na Arewa24 da Labarina da Izzar So, ana shekaru ana kallo. Haka ne, kuma shaida ce cewa mai kallonmu yana da juriya. Amma tsawo daban, natsuwa daban. A fim mai dogon zango da magana ake jan lokaci: a faɗi abu a falo, a maimaita shi a waya, a sake kai wa Hajiya labarinsa. An gaji wannan daga wasan kwaikwayon rediyo da talabijin, kuma ya dace da mai kallon da ke girki ko tsaron shago, wanda kunnensa ke bin labari ko da idonsa yana wani wuri. Fim mai tafiya sannu akasin haka yake nema. Yana rage magana, ya tsawaita ɗauka ɗaya ba tare da yanka ba, har mai kallo ya gama da abin da aka sa a gabansa ya fara lura da abin da ke ƙarƙashi. David Bordwell ya ƙiyasta cewa tsakanin 1930 da 1960 ɗauka ɗaya a fina-finan Hollywood takan kai daƙiƙa 8 zuwa 11, amma zuwa 2000 ta koma 3 zuwa 6. A daƙiƙa huɗu ana iya nuna mutum yana baƙin ciki. Ba a iya nuna shi yana ɓoye baƙin ciki, domin ɓoyewa aiki ne mai cin lokaci: sai an ga fara'ar da ya yi wa baƙo, a ga baƙon ya tafi, a jira a ga yadda fara'ar take gushewa. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, ita kuwa fuskar dattijo ba ta amsawa da wuri.

Maƙwabta sun riga mu

In ana zancen irin wannan fim akan fara da Yasujiro Ozu na Japan da Abbas Kiarostami na Iran, kuma akwai darasi a wurinsu. Amma mafi kusa da bukatarmu yana Chadi. A 2010 Mahamat-Saleh Haroun ya fitar da Un homme qui crie, wanda ya ci kyautar alƙalai a bikin Cannes na Faransa. Adam, tsohon zakaran ninƙaya ne mai shekara hamsin da 'yan kai, yana kula da tafkin wanka na wani otal a Njamena. Sababbin masu otal suka ba ɗansa Abdel aikin, shi kuma suka mai da shi maigadi a bakin ƙofa, da yunifom ɗin da hannunsa bai kai masa wuyan hannu ba. Ana yaƙi a ƙasar, mai unguwa yana matsa masa ya ba da gudummawa, kuɗi ko ɗa. Haroun bai ba Adam jawabi ba. Ya zaunar da shi a bakin ƙofar, kyamara tana matsowa fuskarsa a hankali, ya kuma zaunar da uba da ɗa a gaban abinci ba mai ce wa ɗan'uwansa uffan, uwar gida tana tambayar abin da ya faru. Duk Bahaushen da ya kalli wannan wurin zai gane shi ba tare da fassara ba: uban da ɗansa ya karɓe masa abin da ake girmama shi dominsa, yana son yaron, yana kuma jin zafinsa, kuma har abada ba zai furta ko ɗaya ba.

Tun kafin nan, a 1969, Oumarou Ganda na Nijar ya yi Cabascabo, labarin tsohon sojan da ya dawo daga yaƙin Indocina, kuɗinsa suka ƙare, abokai suka gudu. Ganda ya je wannan yaƙi da kansa, shi ne kuma ya fito a matsayin sojan. Abderrahmane Sissako ya gina Heremakono na 2002 kacokan a kan jira a garin Nuwadibu na Muritaniya, ya ci babbar kyautar bikin FESPACO a 2003. A gida Nijeriya, Eyimofe na Arie da Chuko Esiri a 2020 ya nuna cewa ko a Legas mai hayaniya ana iya sassauta tafiya. Ke nan hanyar ba sabuwa ba ce a yankinmu. Harshen Hausa ne bai ɗauki rabonsa a cikinta ba.

Direban da aka rufe wa hanya

Don kada zancen ya tsaya a sama, ga ƙashin labarin da na ƙaga saboda wannan maƙala. Sale direba ne mai shekara hamsin da biyu, tun yana saurayi yake jigila tsakanin Daura da Damagaram ta Kongolam. Ya san kowane shinge da kowane mai shayi a hanyar, yana da masauki a Matamaye, sefa da naira duk ɗaya ne a aljihunsa. A Agustan 2019, zamanin mulkin ɗan garin, Muhammadu Buhari, aka rufe iyakokin ƙasa, ba a fara buɗe wasu ba sai Disambar 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai aka sake rufe ta Nijar, sai a Maris 2024 Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren. A cikin rufewa ta biyu fim ɗin yake. Yaran da Sale ya koya wa tuƙi sun koma bin hanyoyin daji a kan babura, suna kuma samu. Shi gwiwarsa da girmansa ba za su bar shi ba. Kullum bayan asuba yakan wanke mota ya kai ta tasha, ya shiga layin lodin garuruwan kusa da ba nasa ba, wata rana layi ya zo kansa, wata rana ya dawo da ita yadda ya fita.

Babu mugu a labarin, babu asiri, babu gadon da aka cinye. Babban abin da zai faru shi ne ko zai sayar da motar. Salloli biyar su ne za su raba wunin, domin haka wuni yake rabuwa a garin, kuma sun isa su ba fim tsari ba tare da an rubuta kwanan wata a kan hoto ba.

A fitowa ta farko, Sale yana wanke mota. Ɗauka ɗaya, minti uku, kyamara a tsaye cik a tsayin idon wanda ke zaune kan tabarma. Ozu ya shahara da saukar da kyamara haka saboda mutanensa a ƙasa suke zama, mu ma a ƙasa muke zama. Sale ya goge madubi, ya buɗe bonet ya duba mai da ruwa, a motar da ba ta je ko'ina ba jiya. A minti na farko mai kallo yana ganin mai wanke mota. Kafin na uku ya cika ya gane cewa wannan wanki shi ne abin da ya rage wa mutumin na sana'arsa.

A wata fitowar, ɗansa ya dawo daga hanyar daji ya miƙa wa uwarsa kuɗin cefane a ɓoye, don kada uban ya ji nauyi. Uban ya gani ta labule. Da dare aka kai masa tuwo a zaure. Kyamara ta tsaya a kan hannu da kwano: loma uku, ya dakata, ya ɗauki ta huɗu ya mayar, ya rufe kwanon da faifai. Marubucin da ya saba da kasuwa zai so ya sa uban ya kira ɗan ya yi masa faɗa, ko ya yi kuka ya sa masa albarka. Ko ɗaya ba ya cikin halin Sale. Washegari zai tambayi yaron ko babur ɗin yana shan mai, shi ke nan godiyarsa, shi ke nan kuma fushinsa.

Fitowar da na fi so a kiyaye ita ce ta kasuwar Mai'aduwa ranar Lahadi, inda Sale ya gamu da tsohon abokinsa na tsallaken iyaka. Gaisuwa ce kawai: gajiya, iyali, sanyi, kwana biyu, mutanen gida, a koma kan iyali. Mai haɗa fim zai kai almakashi kanta ya bar jimla biyu. Kada a yanke. A cikin wannan doguwar gaisuwa kowannensu yana auna ramar ɗan'uwansa da tsufan rigarsa, kowanne ya san ɗayan ya gane, sai su rabu da addu'a.

Dole in yi gargaɗi a nan. Ba duk doguwar ɗauka ce ke da amfani ba. Akwai masu kafa kyamara a gaban bango su tafi, su ce fasaha ce. Sharaɗin shi ne a cikin kowace doguwar ɗauka a sami abin da ya fara a wani hali ya ƙare a wani, ko a fuskar ɗan wasa, ko a fahimtar mai kallo. In babu wannan, lalaci ne, mai kallon da ya tashi ya fita kuwa yana da gaskiya.

Cikin gida

Matar Sale, mu kira ta Hajara, tana da nata fim ɗin a cikin wannan. Ta aurar da autarta, ɗaki ya yi mata faɗi. Da kuɗin adashi da na ƙuli-ƙuli take cike gibin cefane, tana kuma yin kamar daga aljihun maigida ya fito. Kannywood ba ta cika ganin mace mai shekara arba'in da biyar ba sai ta fuskar kishi ko sarakuta. A 2016 Aïcha Macky, 'yar Damagaram, ta yi L'arbre sans fruit kan matan da ba su samu haihuwa ba, ta nuna irin abin da mata ke faɗa da irin shirun da suke yi in mace ce ke riƙe da aikin. Darasin a fili yake. Ayarin maza ba zai wuce zaure ya samu gaskiyar tsakar gida ba. Ana bukatar mai ɗaukar hoto mace da mai ɗaukar sauti mace, in babu su a horar da su kafin a fara, a kuma sa kuɗin horon cikin kasafin fim.

Shin nuna ƙunci rashin tawakkali ne?

Za a yi wannan tambaya, a majalisar malamai da kuma gaban masu tace fina-finai, kuma ta cancanci amsa. Yanke ƙauna daga rahamar Allah haramun ne, amma baƙin ciki ba shi ne yanke ƙauna ba. Suratu Yusuf ta ba da labarin baƙin cikin Annabi Yaƙub a kan ɗansa har idanunsa suka yi fari. Malaman tarihi sun kira shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu Shekarar Baƙin Ciki, a lokacin kuwa Manzon Allah yana wajen shekara hamsin. Sale ba ya fashin jam'i, kuma zuciyarsa a cunkushe take. Fim ɗin da ya nuna waɗannan biyu tare ya fi kusa da rayuwar masu imani fiye da wanda ke warware komai da wa'azin minti biyu a ƙarshe. Ta fuskar tacewa ma, fim ne da babu rawa, babu cakuɗuwar da ake ƙorafi a kanta tun kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano a 2001.

Aikin kansa

Mafi wuya shi ne ɗan wasa. Jarumanmu sun ƙware wajen cike shiru, in darakta bai ce a yanke ba sai su ƙaro magana daga kansu. Ana neman wanda zai iya zama a gaban kyamara yana tunani ba tare da ya nuna yana tunani ba. Ina ganin a nemi direba na gaskiya daga tasha, wanda hannunsa ya san sitiyari da tsumma, a kewaye shi da ƙwararru biyu ko uku. Fuskar tauraro tana zuwa da tsofaffin fina-finanta, mai kallo zai zauna jiran ya ga ya yi abin da ya saba. A kuma bar kowa ya yi Daurancinsa, kada a goge shi ya koma Hausar Kano.

Sai sauti. Inda magana ta yi kaɗan, kunne yakan buɗe. Daka da asuba, injin niƙa da hantsi, kiran salla daga masallatai uku da ba su fara tare ba, rediyon mai shayi, kamasho yana kiran fasinja: waɗannan su ne kiɗan fim ɗin, a ɗauke su da kyau a wurin, a ajiye fiyano. Kuɗin da za a kashe wa jirgin ɗaukar hoto daga sama gara a kashe shi kan makirfo mai kyau da wanda ya iya riƙe shi. Lokacin ɗauka kuwa hunturu ne. Hazo yana tausasa haske ya shafe nesa, ya sa mutane su takure cikin mayafi, ko da yake ƙurarsa tana cin kyamara, sai an tanadi abin rufewa da na gogewa. Batura da faifan sola sun fi janareto, domin ƙararsa tana kashe sautin da aka zo nema.

Izini a Daura ta hannun sarauta yake bi, daga mai unguwa zuwa dagaci zuwa hakimi, a tasha kuma ta hannun shugabannin direbobi. Wanda ya tuna yadda shirin gina ƙauyen fim a Kofa ta Jihar Kano ya rushe a 2016 saboda adawar jama'a da malamai ya san cewa yarda ita ce jarin farko. A karanta wa masu gida labarin tun kafin a kawo kaya.

Ta wajen kuɗi, irin wannan fim yana da sauƙi ta wani gefe: wurare kaɗan, kaya kaɗan, babu taron dawaki. Abin da yake ci shi ne kwanaki, domin ana jiran haske ana kuma maimaita doguwar ɗauka daga farko in ta lalace a tsakiya. Maganin shi ne ƙaramin ayari. Nuri Bilge Ceylan na Turkiyya ya ɗauki Uzak na 2002 a gidansa da mutane 'yan kaɗan, ɗan'uwansa yana cikin manyan 'yan wasan, fim ɗin kuma ya ci babbar kyautar alƙalai a Cannes a 2003. Akwai asusun tallafi irin su Hubert Bals na bikin Rotterdam da World Cinema Fund na bikin Berlin. A nema, amma da ido buɗe: mai ba da kuɗi daga nesa yakan so ganin yunwa da ta'addanci in an ce Sahel, Sale kuwa ba mayunwaci ba ne, mutum ne mai mutunci da hanyarsa ta toshe. In aka karkata labarin don a burge su, an sake barin mutumin a kan bencinsa.

Wa zai kalla?

YouTube, inda kasuwar ta koma bayan mutuwar faifai, yana fifita mai fitar da sabon kashi kowane mako da wanda ba a tsallake masa minti, saboda haka ba nan ne gidan farko na wannan fim ba. Bukukuwa irin su FESPACO a Wagadugu da Zuma a Abuja da AFRIFF a Legas za su iya ba shi suna. Amma masu shi suna Daura, kuma muna da tsohuwar al'adar majigi, wadda tun zamanin Turawa take tara mutane a fili da dare. Farin ƙyalle da na'urar haskawa da lasifika sun isa a nuna shi a tasha, a Kwalejin Yusuf Bala Usman, da kuma zama na mata da rana a wata makaranta.

Ko mutanen Daura za su zauna wa ɗaukar minti uku, tambaya ce da gwaji zai amsa, kuma gwajin bai fi ƙarfinmu ba. Ina ba sassan Hausa da na aikin jarida na jami'o'in Katsina da Kano shawara su haɗa ɗalibai da kayan aiki a hunturu mai zuwa, a ɗauki fitowa uku da na bayyana a matsayin gajeren fim na minti goma sha biyar. A haɗa shi iri biyu, ɗaya da dogayen ɗauka, ɗaya a yanka shi yadda kasuwa ta saba. A nuna wa direbobi da matan aure da ɗalibai, kowane rukuni daban, a rubuta minti nawa aka yi kafin a fara ciro waya, a kuma tambayi kowa abin da yake ganin yana damun Sale. Amsoshin rukunin da suka haura arba'in su za a fara dubawa.